Taswirar Tsibirin Tiristan da Kunha da Sunayen da ke Cikinta

Wannan maƙala za ta dubi yadda aka yi taswirar wani tsibiri na dutse mai aman wuta, da kuma abin da taswirar ta taskace wa masu nazarin harshe. Tsibirin kuwa shi ne Tiristan da Kunha, a kudancin Tekun Atilantika, kimanin kilomita 2,800 daga birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu.

Wani jagoran jiragen ruwa na ƙasar Fotugal ne ya fara hango shi a 1506, bai ko sauka ba, amma aka laƙaba wa tsibirin sunansa. Ingila ta mallake shi a 1816. Zane-zanen da matuƙa jirage suka riƙa yi duk daga kan ruwa ne, domin abin da ya dame su shi ne gaɓa da wurin jefa anga. Cikin tsibirin kuwa sai aka bar shi kusan fayau. Dalili shi ne gangare mai tsayin ɗaruruwan mitoci ya kewaye shi, sa'annan ƙololuwarsa mai mita 2,062 galibi gajimare ya lulluɓe ta.

Sai a tsakanin 1937 da 1938 aka sami ingantacciyar taswira, lokacin da wani Bature ma'aunin ƙasa, Allan Crawford, ya bi ayarin masana na ƙasar Nowe, ya taka tuddai da kwaruruka da ƙafarsa.

A nan ne sha'awar mai nazarin harshe take. Sunayen da hukuma ta raɗa na sarauta ne, alal misali ƙololuwar nan da aka sa wa sunan Sarauniya Meri. Na mazauna kuwa, waɗanda suka shiga taswira daga bakin jama'a, wasunsu jimloli ne sukutum cikin Ingilishin tsibirin. Akwai wurin da ma'anar sunansa ita ce "tudun da akuya ta yi tsalle ta faɗa", da wani "inda limamin coci ya sauke kayansa". Wato kowane suna labari ne a dunƙule, kuma ya riƙe nahawun karin harshensu yadda yake.

A Oktoba 1961 dutsen ya yi aman wuta, aka kwashe mutum 264 zuwa Ingila. Narkakken dutse ya binne masana'antar sarrafa abincin teku da wuraren da kwale-kwale ke tsayawa, ya sauya siffar gaɓar. Da yawancinsu suka komo a 1963, sun tarar wasu sunayen na nan a takarda, wuraren kuwa suna ƙarƙashin dutse.