Alkawarin Farashi Kaya Ne

  Yau zancenmu na mota mai aiki da lantarki ne, wadda ake yi wa caji kamar wayar hannu. Kada wata ta ce ina ruwan mai zaman ɗaki da mota, darasin namu ne.

A shekarar 2016 kamfanin Tesla na Amurka ya yi shelar zai sayar da motarsa Model 3 a kan dala 35,000. Cikin mako guda mutum sama da 300,000 suka ba da kafin alkawari, dala 1,000 kowanne. Da motar ta fito a 2017, sai aka fara da masu tsada. Dalili kuwa, batir ne ke cin kuɗi, mai arahar ba ta da riba. Sai a watan Fabrairu na 2019 ta dala 35,000 ta samu, kuma ba a yi wata biyu ba aka cire ta daga shafinsu na intanet. Haka motarsu Cybertruck: an ce dala 39,900 a 2019, amma a 2023 mafi araha da suka sanar ta kai dala 60,990.

To kun ji. Kafin alkawari layi kawai ya kama musu, bai ɗaure farashi ba.

Mu da ba ma zuwa kasuwa, dillaliya ko ɗan aike ne idonmu. Kina tara kuɗin adashi don keken ɗinki ko kayan ɗakin 'yarki, kin ba da rabi, ranar karɓa a ce miki kaya sun tashi. Don haka kafin ki saki kuɗinki, ki tambaya: farashin nan tsayayye ne? Wane irin kaya, wace rana? In an fasa, za a maido mini kuɗina cif? A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda addini ya koyar game da bashi. Dokar Najeriya ta kare haƙƙin mai saye ta 2018 ma ta hana ɗan kasuwa karɓar fiye da farashin da ya kafa a kan kaya.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.