Ko Kun Sani?

A farkon shekarun 1960, masanin lissafi kan huda katuna ya miƙa wa ma'aikatan kwamfuta, sannan ya yi ta jiran amsa na sa'o'i.

A 1963 Cliff Shaw na cibiyar RAND da ke Amurka ya sauya lamarin da wani harshen kwamfuta mai suna JOSS. Injiniya zai zauna gaban keken rubutu ya buga lissafi, rubutunsa ya fito da koriyar tawada, kwamfutar JOHNNIAC ta amsa nan take da baƙa. In ba ta gane umarni ba, sai ta buga "Eh?"

Bayan JOSS, a 1964 aka ƙirƙiri wani harshen kwamfuta, BASIC, a Kwalejin Dartmouth, harshen da ɗaliban sakandare suka riƙa koyo daga baya.