*Firgicin da ke biyo mutum gida bayan ya fito daga hannun 'yan bindiga: wace hanyar magani ta fi?*



Tun sace ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, da hare-haren da suka addabi ƙauyukan Bakori, Funtuwa da Malumfashi, gidaje da yawa na da mutumin da ya dawo da ransa amma hankalinsa bai kwanta ba. Ƙarar babur kawai sai jiki ya hau rawa. Ga mugun mafarki, ga saurin fushi, gona ma ya ƙi zuwa. Idan abin ya wuce wata guda, ciwo ne, kada a ce masa rago ko mai raunin imani.

A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar hanyoyi biyu. Ta farko, CBT mai fuskantar abin da ya faru: ƙwararre zai zauna da mara lafiya kamar sau 8 zuwa 12, ya riƙa ba da labarin a hankali, ana warware tunani irin na "ni na jawo", har ya iya komawa wuraren da yake gudu. Makonnin farko da ɗaci, gaskiya, amma ita ce ta fi samun shaidar bincike.

Ta biyu EMDR, wadda Francine Shapiro ta fito da ita a Amurka. Mutum zai tuna abin yana bin yatsan mai magani da ido, dama da hagu. Ba sai ya zayyana komai da baki ba, don haka takan fi sauƙi ga matar da aka ci zarafinta. Matsalar ita ce masu iya ta ƙalilan ne a ƙasar nan.

Tara mutum ranar da ya dawo a ce sai ya faɗi komai, wannan ba ya hana ciwon. Ƙwayar barci irin diyazifam ma hukumar ta ce a guje ta, balle tiramol.

Azkar, ruƙiyya da kunun talbina ga mai baƙin ciki a ci gaba da su, ba sa karo da asibiti.

Maigida, a fara da babban asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Shika ko asibitin Barnawa a Kaduna. Wanda ya fara zancen kashe kansa kuwa, a kai shi ranar.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.