Sanin Ƙofar Magani Kafin Ciwo Ya Zo

Yau maganarmu a kan wani abu ne da ke cin rayuka ba tare da an lura ba, watau rashin sanin inda ya kamata a kai majinyaci. Mutum ya sayar da akuyarsa, ya ɗauko ɗansa daga Tsibiri, ya sha tafiya, ya iso asibiti a ce masa ba a nan ake wannan aiki ba. Kuɗi sun tafi, yini ya tafi, ciwo kuwa ya ƙara ƙarfi.

Matakan asibiti uku ne

Na farko, ƙaramin asibitin ƙauye ko na mazaɓa. Nan ake awon ciki, da allurar rigakafi, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, da awon hannun yaro don a gane tamowa. Na biyu, babban asibiti, kamar na Talata Mafara. Nan ake tiyata da ƙarin jini, ana kwantar da wanda ciwo ya yi wa tsanani. Na uku, asibitocin ƙwararru, kamar Asibitin Tarayya na Gusau da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

Akwai kuma waɗanda aka keɓe don ciwo ɗaya. Yaron da kumatunsa ya kumbura, bakinsa yana wari, nama yana zaizayewa, akwai asibitinsa a Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Matar da ke yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, ana ɗinke ta a Babbar Ruga, Katsina. Ciwo ne mai magani, kada a ɓoye ta a ɗaka.

Kundin asibitoci

A da, sai mutum ya tambayi dagaci ko direban mota. To, a 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta sa kundin asibitocin Nijeriya a intanet, ana kiransa HFR. Wanda ke da waya mai intanet sai ya buɗe shi, ya zaɓi Jihar Zamfara, ya zaɓi ƙaramar hukumarsa, ko Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, sa'an nan mazaɓarsa. Zai ga sunan kowane asibiti da matakinsa, ya kuma ga ko na gwamnati ne ko na kuɗi.

Wanda bai iya karatu ba, kada ya ji kunya. Malamin asibiti ko ɗan makarantar da ke gida ya duba masa. Matambayi ba ya ɓata.

Amma ku lura. Kundi suna yake faɗi, ba ya faɗin ko likita yana nan yau, ko akwai magani a ɗakin ajiya, ko hanya tana da lafiya. Wannan sai a bakin mutum. Haka kuma waya ba abar dogaro ba ce kullum. Kun tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Zamfara, aka yi makonni ba kira. Saboda haka abin da aka gani a waya, a juye shi a takarda.

Abubuwa huɗu da za ku yi

1. Tun kuna lafiya, ku je wurin malamin asibitinku ya rubuta muku sunan babban asibiti mafi kusa, da ranar awo, da ranar rigakafi. A ajiye takardar tare da katin yaro.

2. In an tura ku gaba, ku nemi takardar turawa. Ita ke gaya wa likitan can abin da aka gani da maganin da aka riga aka bayar, don kada a soma daga farko.

3. Mai unguwa da liman da ungozoma su ma su riƙe kwafi, a kuma san mai mota ko mai babur da za a tasa da dare.

4. In ciwo ɗaya ya kama mutane da yawa a gari, kamar amai da gudawa ko sanƙarau, a gaya wa malamin asibiti nan da nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, tana da lamba 6232, kira kyauta ne.

Inda ba a tsayawa duba waya

Mace mai ciki tana zubar da jini ko tana jijjiga, naƙuda ta kwana ta yini, yaro ya sanƙame ko ya kasa shan nono, maciji ya sari mutum: waɗannan a nufi babban asibiti kai tsaye. Maigida, in za ka yi tafiya, ka bar izini da kuɗin mota, kada iyalinka su zauna jiran dawowarka.

Wanda ya yi sati biyu yana tari, ya je a gwada majinarsa. Maganin tarin fuka kyauta ne a asibitin gwamnati, amma sai an sha shi wata shida cur.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa.