Yadda Waya Ke Karya Layin Rubutu

Fuskar waya ƙarama ce, doguwar jimla kuwa ba ta shiga layi ɗaya. Don haka kowace manhaja da ke nuna rubutu, kamar WhatsApp ko Facebook, sai ta yanke shawarar inda layi zai tsaya da inda na gaba zai fara. Ƙa'idar farko ita ce a karya layi a tsakanin kalmomi, kada a raba kalma biyu.

Aikin yana farawa da awo. Manhaja tana auna faɗin kowane harafi gwargwadon girman da mai waya ya zaɓa, tana jera kalmomi har sai wadda ke tafe ta kasa samun wuri, sai ta sauke ta ƙasa. Wannan hanya tana da sauri, amma takan bar wasu layuka gajeru ƙwarai. A 1981 Donald Knuth da Michael Plass suka fito da wata dabara mai duban sakin layi gaba ɗaya kafin ta zaɓi wuraren karyawa. Tun daga Android 6.0 na 2015, masu ƙirƙirar manhaja suna iya zaɓar irin wannan tsari.

Wuraren da aka halatta karyawa suna cikin ƙa'idar Unicode, wadda ta ba kowace alama matsayinta. Ana karyawa bayan sarari da bayan karan ɗori, shi ya sa "kaɗan-kaɗan" kan rabu a tsakiya. Waƙafi da aya ba sa fara layi, kullum suna manne da kalmar da suka biyo. Alhamzar da ke cikin "sana'a" da "jama'a" ba wurin karyawa ba ce. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, matsayinsu ɗaya da sauran baƙaƙe.

A yankin Lafagu da ke ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, dab da iyakar Benin, saƙonnin fatauci na iya haɗa Hausa da Faransanci, kuma nan wata matsala take ɓullowa. Faransanci yana raba dubbai da sarari: abin da ɗan Najeriya zai rubuta 25,000, mutumin Segbana da ke Benin zai rubuta 25 000. Idan sararin na yau da kullum ne, waya na iya barin 25 a ƙarshen layi ta kai 000 ƙasa, mai karatu cikin gaggawa ya ɗauki farashin sefa ba daidai ba. Maganinsa wani sarari ne na musamman da Unicode ta tanada, wanda ido ke gani kamar kowane sarari amma ba a karya layi a kansa. Shi ake sawa kafin alamar tambaya a Faransanci, da tsakanin lamba da sunan kuɗi.

Kalmar da ta fi layi tsawo, kamar adireshin intanet, dole a yanke ta inda wuri ya ƙare. Idan kuwa za a raba kalmar Hausa da karan ɗori, gaɓa ake bi, kuma tagwayen baƙaƙe irin su sh, ts da ƙw ba sa rabuwa: tsa-mi-ya. Rubutun ajami yana bin wannan tsari na tsayawa tsakanin kalmomi, sai dai layinsa yana cika daga dama zuwa hagu.