Ko Ka Sani? Wata Manhajar Shafin Intanet Ce Aka Sa wa Riga

Ko ka san cewa wasu manhajojin da kake saukewa daga Play Store ko App Store, in aka buɗe cikinsu, shafin intanet za a tarar? Wanda ya haɗa su bai koyi Kotlin na Android ba, balle Swift na iPhone. Da HTML da CSS da JavaScript ya yi aikinsa, kayan da duk mai gina shafi ya riga ya iya.

Sirrin yana cikin wani sashe na waya da ake kira WebView. Burauza ce da aka cire mata wurin rubuta adireshi da sauran maɓallai, aka bar allo zalla. Mai haɗa manhaja zai zuba fayilolin shafinsa cikin wata 'yar ƙaramar manhaja wadda ba ta da wani aiki sai buɗe WebView. Ka taɓa tambarin, shafi ya cika allo, kai kuwa ba ka san shafi kake kallo ba. Tunda fayilolin suna cikin wayar, ko ba ka da data zai buɗe.

Inda gwanintar take shi ne wajen abin da masu sana'ar ke kira gada. Shafi a burauza ba ko'ina ake barinsa ya shiga cikin waya ba. Amma a nan, idan ka danna maɓallin ɗaukar hoto, JavaScript zai aika saƙo ta gadar, wani guntun shiri da aka rubuta da ainihin yaren wayar ya karɓa, ya buɗe kyamara, ya dawo wa shafin da hoton. Haka ake kaiwa ga firikwensin yatsa da Bluetooth da sanarwar da ke faɗo maka a allo.

Abin dariyar, da iPhone ta fito a 2007, Steve Jobs cewa ya yi masu son yi mata manhaja su yi shafin intanet kawai. A 2008 Apple ya sauya shawara, ya buɗe App Store da manhajoji kusan 500. Sai wani ƙaramin kamfani a Kanada, Nitobi, ya fito da PhoneGap don masu gina shafi su ma su shiga kasuwar. Adobe ya sayi Nitobi a 2011, aka miƙa tushen aikin ga gidauniyar Apache da sunan Cordova. Yau Capacitor ne ya fi tashe a wannan layi.

Dabarar ba ta rasa aibi. Facebook ya gwada ta, manhajarsa ta riƙa jan ƙafa, har Mark Zuckerberg ya amsa a 2012 cewa dogaro da HTML5 fiye da kima babban kuskure ne. Daga baya kamfanin ya fitar da React Native a 2015: da JavaScript ake rubutu, amma maɓallan da ke allo na wayar ne na asali. A ganina wannan darasi ya fi shafarmu, domin wayoyin da suka cika hannun jama'a a Kano ko Maraɗi ƙananan Tecno da itel ne. Manhajar da ke gudu sumul a kwamfutar mai haɗa ta, a irin waɗannan wayoyi ake gane nauyinta.

Sai kuma masu gadin ƙofa. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya, Apple kuwa dala 99 duk shekara, kuma manhajar iPhone da Xcode ake kammala ta, shi kuwa a kwamfutar Mac kaɗai yake aiki. In ka fara sayar da kayan dijital ta cikin manhajar, sun saba yankar kashi 30 cikin 100, ko 15 ga ƙananan masu sana'a. Apple ma yana da doka a rubuce: manhajar da ba ta ƙara komai a kan shafin intanet ba, masu dubawa za su iya mayar maka da abinka, ko da ka riga ka biya kuɗin shekara.