Ƙurar Chadi, Ayabar Miliyan Shida da Azumi Biyu a Shekara Ɗaya

Kullum rediyo na ambaton miliyan, biliyan da tiriliyan, har kunne ya saba ya ɗauka tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba. To, ga ma'auni. In mutum ya zauna yana ƙirga daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya, ba barci ba hutawa, zai kai miliyan ɗaya cikin kwana 11 da rabi. Kafin ya kai biliyan ɗaya kuwa sai ya shekara 31 da 'yan watanni. Tiriliyan ɗaya ya haura shekara 31,000. Duk ranar da aka ce an ware biliyan kaza, ko an wawure shi, ya kamata mai sauraro ya dakata ya auna abin da wannan ma'aunin.

Haka tarihi ma yake ruɗar mu. Sarauniya Kiliyopatra ta Masar ta rasu shekara 30 kafin haihuwar Annabi Isa, alhali babbar dalar Giza ta riga ta shekara wajen 2,500 a tsaye kafin nan. Ke nan zamaninta ya fi kusa da 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, fiye da zamanin da aka gina dalar. Masar ta yi suna da dala, amma Sudan ta fi ta yawansu: akwai fiye da 200 a Merowe da sauran wuraren tsohuwar daular Kush, sai dai sun fi na Masar ƙanƙanta da tsini. A Okusfod ta Ingila ana koyarwa tun wajen 1096, tun ba a kafa birnin Aztek na Meksiko ba, wanda sai a 1325 aka aza harsashinsa. Masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas a Maroko, wanda ya zama jami'a, ya girme su biyun: tarihi ya jingina kafa shi ga wata mata, Fatima al-Fihri, a shekarar 859.

Mu dawo gida. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da wani itace mai tauri a zurfin mita biyar. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Farankfot suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita takwas, an sassaƙe shi daga gungume ɗaya, goshinsa a fiƙe tsaf. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne kwalekwale mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin 'yan ƙalilan mafiya tsufa a duniya. Ya girmi dalar Giza da fiye da shekara 3,000. Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu da yawa sun gama sakandare ba su taɓa jin sunan Dufuna ba.

Me kwalekwale yake yi a wurin da yau ake haƙa rijiya don neman ruwa? Amsar tana cikin Tafkin Chadi. A wancan zamanin tafkin ya yi faɗin da ya kusa kai Tekun Kasfiya, ya mamaye ƙasa mai yawa da yanzu hamada ce. Da ruwan ya janye, ya bar wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele, shimfiɗe da farar ƙasa mai laushi wadda asalinta gawarwakin ƙananan halittun ruwa ne. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta kwashi wannan garin ƙasa ta yi sama da shi. Masana na lissafa Bodele a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a doron ƙasa. Hazon hunturu da ke busar mana da leɓe, ya tsattsage ƙafa, ya hana jirgi sauka a Kano, wani kasonsa daga can yake.

Ƙurar ba ta tsayawa a kanmu. Tana haye Tekun Atilantika. Wani bincike na hukumar NASA da aka fitar a 2015 ya ƙiyasta cewa ƙurar Sahara mai nauyin tan miliyan 27 da ɗoriya ke sauka kan dajin Amazon duk shekara, ɗauke da tan 22,000 na sinadarin fosfaras. Duk manomin da ya taɓa ɗaukar buhun takin NPK ya ga harafin P a jikinsa, to shi ne wannan sinadarin. Ruwan sama mai yawa na wanke shi daga ƙasar Amazon, ƙurar kuma tana mayar da kusan daidai abin da aka rasa. Hamadar da ba ta tsirar da komai tana kai taki ga kurmi mafi girma a yankunan zafi na duniya.

A Nijar kuwa, cikin hamadar Tenere, an taɓa yin wata bishiyar ƙaya daga dangin bagaruwa, ita kaɗai tilo, sai ka yi tafiyar fiye da kilomita 100 ta kowace fuska ba ka ga ta biyu ba. Ayarin azalai masu ɗauko gishiri tsakanin Agadas da Bilma da ita suke gane hanya, kuma Abzinawa ba sa saran reshenta don hura wuta, ba sa barin raƙuma su cinye ta. Saboda muhimmancinta har a taswira ake sa ta. Da aka haƙa rijiya kusa da ita a ƙarshen shekarun 1930, an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, a filin da babu abin kaucewa sai ita. Gangar jikinta na gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa wata ta ƙarfe a gurbinta.

Hamadar ta Nijar ta ɓoye abin da ya fi haka tsufa. A Gadufawa aka tono ƙasusuwan wata dabbar da ta shuɗe shekaru fiye da miliyan 100, aka raɗa mata suna Nigersaurus a 1999. Ciyawa take ci, bakinta faffaɗa, haƙoranta sun haura 500, kuma kowane haƙori bai wuce mako biyu ba sabo ke maye gurbinsa. A Oklo ta Gabon kuma, masana Faransawa sun gano a 1972 cewa yuraniyam ɗin da ke cikin ƙasa ya taɓa kunna kansa da kansa, ya yi ta aiki irin na tashar nukiliya shekaru kusan biliyan biyu da suka wuce, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke kunna shi yana kashewa.

Taswirar da ke rataye a ajujuwanmu ta rage wa Afirka girma. Tsarin Merkato na 1569, wanda aka yi don matuƙan jiragen ruwa, yana kumbura ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya, shi ya sa Girinlan ke fitowa kusan daidai da Afirka. A zahiri Afirka ta ninka ta sau 14. A watan Agusta na 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran a daina amfani da wannan taswira a makarantu da ofisoshi, kuma ina ganin ta yi daidai, don yaro na gaskata abin da idonsa ya gani kafin abin da malami ya faɗa.

Garken raƙuman jeji mafi girma a duniya ba a ƙasar Larabawa yake ba, a Ostareliya yake. An kai su can a ƙarni na 19 don ɗaukar kaya, da mota da jirgin ƙasa suka zo aka sake su, suka hayayyafa, har an taɓa sayar wa Saudiyya da su. Tozon raƙumi kuma kitse ne, ba ruwa ba. Kifin shak ya riga bishiya zuwa duniya da miliyoyin shekaru. Dabbar tekun nan mai hannu takwas, oktofus, zuciyarta uku ce, jininta shuɗi. Zara matar wata, tauraruwar nan mai haske da ake gani da magariba ko da asuba, kafin ta juya a kanta sau ɗaya sai ta ci kwana 243 na duniyarmu, amma tana gama kewaya rana cikin kwana 225.

Yaƙi mafi gajarta da tarihi ya rubuta an yi shi ne a Zanzibar ranar 27 ga Agusta 1896. Khalid bin Barghash ya hau gadon sarauta ba da yardar Ingila ba, aka ba shi wa'adin ƙarfe tara na safe ya sauka, ya ƙi. Jiragen yaƙin Ingila suka buɗe wa fada wuta, kafin minti 45 komai ya ƙare. Ana yawan ba da labarin kamar abin raha, amma mutum wajen 500 ne aka kashe ko aka raunata a ɓangaren Zanzibar, ɗaya tak ya ji rauni a ɓangaren Ingila. Wannan ba karawa ba ce, fin ƙarfi ne.

A fagen zane-zane, sata ce ta ƙara wa hoton Mona Lisa suna. Ranar 21 ga Agusta 1911 wani ɗan Italiya, Vincenzo Peruggia, wanda ya taɓa aiki a gidan tarihi na Louvre, ya ciro shi daga bango ya fice, sai washegari aka farga. 'Yan sanda har Picasso sun yi wa tambayoyi. Jama'a suka riƙa yin layi don kallon gurbin da hoton yake a da. Shekara biyu yana ɓoye a ɗakin ɓarawon a Faris, sai a 1913 aka kama shi a Fulorans yana neman sayarwa. Gidan Louvre bai rabu da ɓarayi ba: ranar 19 ga Oktoba 2025, da safe, wasu suka hau ta taga suka kwashe kayan adon sarauta na kimanin yuro miliyan 88 cikin ƙasa da minti takwas. Najeriya ma tana da nata hoton da ya ɓata. Tutu, zanen wata gimbiyar Ife da Ben Enwonwu ya yi a shekarun 1970, ya yi shekaru ba a san inda yake ba, sai a 2017 aka gan shi rataye a wani gida a Landan. An sayar da shi fam miliyan 1.2 a 2018.

Ayaba fa? A Nuwamba 2024 kamfanin gwanjo na Sotheby's a New York ya sayar da ayaba ɗaya da aka manna a bango da salatif kan dala miliyan 6.2. Aikin Maurizio Cattelan ne, kuma ayabar a bakin titi aka saye ta, kuɗinta bai kai dala ɗaya ba. Abin da mai saye ya mallaka takardar shaida ce da bayanin yadda zai manna sabuwa in wannan ta ruɓe. Justin Sun, wanda ya saya, ya ɓare ta ya cinye a gaban 'yan jarida. Na kasa ganin fasahar da ke ciki. Abin da na gani shi ne kuɗi sun yi wa wasu yawa.

Masu son fim ɗin Indiya, wannan naku ne. Dilwale Dulhania Le Jayenge na Shah Rukh Khan da Kajol ya fito a Oktoba 1995, kuma silimar Maratha Mandir ta Mumbai ta ci gaba da nuna shi kullum da hantsi shekara da shekaru, annobar korona ce kawai ta taɓa katse shi na wasu watanni. Bidiyon farko da aka ɗora a YouTube, a Afrilu 2005, daƙiƙa 19 ne, wani saurayi tsaye gaban giwaye a gidan zu. Na farko da aka kalla sau biliyan 10 kuma waƙar yara ce daga Koriya ta Kudu, Baby Shark. Kamfanin Nintendo na wasannin gem an kafa shi tun 1889, shekarar da aka buɗe hasumiyar Eiffel, yana buga katin karta.

Kalanda ita ma tana da nata abin al'ajabi. A 1582 mutanen Italiya da Sifaniya sun kwanta ranar Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Fafaroma Giregori na 13 ne ya share kwana goma, saboda tsohuwar kalandar tana ƙara wa kowace shekara kimanin minti 11, kuma mintocin sun taru sun zama kwanaki. Ingila ba ta bi ba sai 1752, Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halinta na Oktoba 1917 yake faɗawa cikin Nuwamba a lissafin yau. Samowa kuwa ta tsallake Juma'ar 30 ga Disamba 2011 gaba ɗaya, don ranakunta su dace da na Ostareliya da New Zealand, abokan cinikinta. Tsakanin Rasha da Alaska akwai tsibirai biyu, Diyomidi babba da ƙarami, tazararsu ba ta kai kilomita huɗu ba, amma agogonsu ya bambanta da awa 21 a lokacin sanyi. Habasha tana da wata 13: guda 12 masu kwana 30, na ƙarshen mai kwana biyar ko shida. Sai a Satumba 2007 ta yi bikin shiga shekararta ta 2000.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 12, shi ya sa azumi ke matsowa baya duk shekara, ya bi ta bazara, ya bi ta damina, ya kewayo cikin shekara 33. A bisa lissafi, Ramadan zai faɗo sau biyu a 2030: na 1451 a farkon Janairu, na 1452 a ƙarshen Disamba, gwargwadon yadda ganin wata ya tabbatar. Duk wanda Allah ya kai shi zai yi azumin kwana 35 ko 36 a cikin wannan shekara guda, duka biyun kuma cikin sanyi a ƙasar Hausa. Rabon da a ga haka tun 1997.